Makaɗin Aljiyas da Aka Zuba a Tagulla

Matafiyin da ya tashi daga Gaya, ya tsallake gadar Malanbil ya nufi Kwatano, da wuya a ce bai ji labarin kayan sarautar Abome guda 26 da Faransa ta mayar wa Benin a Nuwamban 2021 ba, waɗanda sojojin Kanar Dodds suka kwashe a 1892. Sai dai tun kafin a kwashi kayan fada, an riga an ɗauki fuskokin mutane an kai su kasuwa.

A shekarar 1847 wani matashi mai sassaƙa, Charles Cordier, almajirin François Rude, ya haɗu a Paris da Seyid Enkes, ɗan Sudan wanda ya taɓa zama bawa, ya koma zama a gaban masu zane suna biyansa. Cordier ya sassaƙa kansa da kafaɗunsa, ya baje aikin a babban baje kolin Paris na 1848, wato shekarar da Faransa ta soke bauta ranar 27 ga Afrilu. A zamanin da malaman fasaha ba su san wani ma'aunin kyau ba sai na tsoffin Girkawa, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Bayan an nuna aikin a London a 1851, Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafinsa na tagulla.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Daga 1851 zuwa 1866 Cordier ya yi wa gidan tarihin halittu na Paris aiki, inda ake jera kamannin bil'adama jinsi jinsi, kamar yadda ake jera tsuntsaye. Da wannan niyya ya tafi Aljeriya a 1856. A birnin Aljiyas ya sami wani makaɗi baƙar fata, ya zuba fuskarsa a tagulla, ya yi masa rawani da mayafi da dutse mai sheƙi na ƙasar, sannan ya laƙaba wa aikin sunan jinsi da na yanki kawai: baƙin mutum na Sudan. Sudan a bakin mutanen wancan lokaci ta haɗa da ƙasar Hausa da Barno da Dandi. Baƙaƙen Aljiyas kuwa, waɗanda ayarin Sahara ya kai, sun rarrabu gida gida bisa asalinsu, har da gidan Katsinawa da na Zazzagawa da na Barebari, kuma kiɗa ne ginshiƙin bukukuwansu.

Abin da ya yaɗa irin waɗannan siffofi shi ne na'ura. Achille Collas ya ƙago injin rage girman mutum-mutumi a 1836, ya haɗa jari da Ferdinand Barbedienne a 1838, sai tagulla ta sauko daga fada ta shiga falon likita da na lauya. Cordier ma ya fitar da ƙananan kwafi. Haka ɗakin aikin Carpeaux ya yi ta buga siffar baƙar mace ɗaure da igiya ta 1868, da tagulla da yumɓu, attajirai na saye suna ajiyewa kusa da agogo, shekaru ashirin bayan an ce bauta ta ƙare. Tausayi ne ko sha'awa? Mai saye bai ga dalilin rarrabewa ba.

Cordier ya rasu a Aljiyas a 1905. Makaɗin nan kuwa yana gidan tarihin Orsay a Paris, da rawaninsa na dutse, kuma sunan da ke jikin allon na mai sassaƙa ne.