Daga Gandun Dajin En'e Zuwa Janaretan Sakatariya

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, ba sai sun bi ta hannun gwamnoni ba. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan yaushe kuɗin za su iso. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: in sun iso, nawa ne za su ƙone? Muna nufin ƙonewa ta zahiri, a cikin janaretan sakatariya da injin famfon ruwa da tankin motocin ofis. Kowace lita ta dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wadda ita ce babba a cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Ta fetur kuwa kusan kilo 2.3.

A wasu ƙasashe wannan lissafi ya zama aikin majalisun garuruwa. A Nuwamban 2018 majalisar birnin Bristol ta Ingila ta ayyana sauyin yanayi a matsayin matsalar gaggawa, ta sa wa birnin wa'adin shekarar 2030. Mu a Dayi, da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, muna iya cewa wannan zancen masu ƙoshi ne, kuma muna da hujja: hayaƙin da ɗan Nijeriya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, na Ba'amurke ya haura tan 10. Sai dai in muka waiwayi tarihi, za mu ga hukumomin da ke kusa da mu sun fi shekara ɗari suna yanke hukunci a kan itace da wuta da ƙasa. Sunan ne kawai sabo.

Kafin zuwan Turawa, bishiyar gona tana da mai ita kuma tana da doka. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya ba a sare su haka siddan, domin daddawa da man kaɗe da miyar kuka daga gare su suke. Gawo kuwa manomi ya san sirrinsa: yana kakkaɓe ganye da damina, ya bar wa dawa rana, ya kuma bar mata taki. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya sa wa mai saran gawo a ƙarni na 19. Kakanninmu ba su san kalmar kabon ba, amma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska. Duk gawon da aka bari a tsaye rumbu ne.

Da mulkin mallaka ya kafu, sai En'e ta zama hukumar da talaka ya fi sani. A Katsina aka fara kafa Baitulmalin En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Daga wannan baitulmali ake biyan hakimai, irin su Galadiman Katsina da ke Malumfashi, da malaman daji. Dokokin daji na 1916 da 1937 sun ba da ikon keɓe gandun daji da hana saran wasu itatuwa sai da izini.

Tsoron hamada ya ƙara wa wannan aiki ƙaimi. A 1935 wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗin cewa Sahara na tunkaro Arewacin Nijeriya. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, ya zagaya bakin iyakarmu da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamada na tafiya da ƙafarta ba. Abin da ya gani shi ne yadda ake share daji da yadda ake amfani da ƙasa. A waɗannan shekaru ne kuma darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, ta fara bazuwa a bakin hanyoyi da kasuwanni da harabar makarantu, har ta zama kamar 'yar gida.

En'e ta dasa itatuwa, ta kuma tsare daji, wannan ba a musu. Amma da tara da ɗauri ta yi aikin. Manomin da ya san bishiyar da ta tsiro a gonarsa za ta iya jawo masa malamin daji, gara ya tumɓuke ta tun tana ƙarama. Dokar da aka yi don kare itace sai ta raba mutum da itacensa.

Shekarun 1970 sun zo da canji biyu. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, kuma ƙasar Malumfashi na cikinsa. Ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara. Amfanin gona ya ƙaru. Sai dai garmar shanu da tarakta ba sa shiri da kututture, kuma wanda ya samu buhun taki a araha ba ya jin buƙatar gawo. Sannan a 1976 gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta tafi, aka shigo da tsarin da muke kai yanzu. Sabbin hukumomin sun gaji kasuwanni da tashoshin mota da ofisoshin daji, amma a zamanin arzikin man fetur suka girma. Suka koyi jiran kason wata daga Legas, daga baya Abuja, suka kuma koyi cewa maganin ɗauke wuta shi ne janareta. Gandun daji ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Yadda Dajin Rugu da na Kogo suka zama mafakar 'yan bindiga ya nuna mana abin da ke faruwa da dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa.

A daidai lokacin, maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa duk bazara rassa ne na tsofaffin kututtura masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai a samu bishiya, ba sayen dashe, ba ban ruwa. Suka kira abin sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Abin da ya sa ya ɗore shi ne jami'an daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai yi makamashi da shi, zai sayar. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Mu kwatanta da tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi a nan Katsina, mai megawat 10, wadda ta shafe sama da shekara goma ba a kammala ta ba. Babban aiki yana jiran Abuja. Ƙarami yana jiran dagaci da kansila ne kawai.

A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, ya kuma sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a shekarar. To, ina rabon ƙaramar hukuma a ciki? Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya faɗa: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, fitilun titi, kwashe shara, da sa hannu a makarantun firamare, asibitocin matakin farko da raya noma. Kowane ɗaya a cikinsu akwai hayaƙinsa.

Mu da ke aikin rubuta manhaja mun saba da wata ƙa'ida: ba a gyara abin da ba a auna ba. Matakin farko littafi ne, ko shafi ɗaya a kwamfuta, da za a riƙa rubuta litar man da kowane ofis da famfo da mota suka sha a wata. A misali, janaretan da ke shan lita 20 a rana, kwana 250 a shekara, ya ƙona lita 5,000, ya saki kusan tan 13 da rabi na kabon. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ba sai an yi wa ma'aji wa'azin muhalli ba. Kuɗin kaɗai ya isa ya nuna masa wace rijiyar burtsatse da wane asibiti ya kamata a fara mayarwa kan sola. Firinjin rigakafi mai aiki da hasken rana ba ya jiran a sa hannu a takardar mai.

Shara ma haka. Bolar kasuwa in ta ruɓe a jibge tana fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon riƙe zafi sau da yawa, in aka cinna mata wuta kuma ta shaƙe maƙwabta. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin bola zuwa gona a kan jaki. Hukumar da ta ware leda daga ruɓaɓɓen kayan miya tana da abin sayarwa a hannunta.

Na ƙarshe shi ne mafi arha, kuma shi En'e ta kasa yi. Majalisar ƙaramar hukuma tana da ikon yin dokokinta. Tana iya zama da hakimi da dagatai a rubuta a fili cewa bishiyar da manomi ya raina a gonarsa tasa ce, shi da magadansa. Takarda ɗaya ce, kuma za a iya karanta ta a kasuwar Dayi kafin sassabe mai zuwa.