Data mara iyaka da kiran bidiyo: Yadda kamfanonin waya suka riƙa gindaya sharuɗɗa

"Data mara iyaka" suna ne da kamfanonin sadarwa ke ba tsarin da mai layi zai biya kuɗi ƙayyadadde a wata, ya yi ta amfani da intanet ba tare da ana ƙidaya masa megabait ba. A allon talla haka abin yake. A aikace kuwa da wuya a samu irin wannan tsari da ba a rataya masa sharaɗi ba, kuma sharaɗin yakan fi taɓa abin da ya fi cin data, wato bidiyo. Ƙasar da wannan taƙaddama ta fi fitowa fili ita ce Amurka, inda aka shafe kusan shekara goma ana kai ruwa rana tsakanin manyan kamfanonin waya, hukumomin gwamnati da masu amfani da layi. Abin da ya gudana a can ne ya haifar da wasu daga cikin ƙa'idojin da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan tallar data a yau.

Dalilin da kamfanoni ke bayarwa

Kowane kamfanin waya yana aiki ne da wani yanki na zangon rediyo da gwamnati ta ba shi lasisi a kai, galibi ta hanyar gwanjo mai tsada. Wannan zango yana da iyaka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashin turken sadarwa guda rabawa suke yi a tsakaninsu, kamar yadda gidajen unguwa ke raba ruwan bututu ɗaya. Idan masu buɗe famfo suka yi yawa a lokaci guda, ruwan kowa ya ragu. Kiran bidiyo ya fi kallon bidiyo wahalar da turke, domin yana aika hoto yana kuma karɓa a lokaci ɗaya, ba ya kuma jure jinkiri. Mai kallon fim wayarsa takan tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba ta yadda ba zai lura da tangarɗa ba, amma mai hira da ɗan'uwansa nan take zai ga fuska ta daskare. Kiran bidiyo na awa guda yakan ci ɗaruruwan megabait.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Kafin zuwan manyan wayoyi, ribar kamfanonin daga mintocin kira da saƙon tes take fitowa. Duk manhajar da ke ba mutum damar yin magana ta kan data, kishiya ce ga wannan riba. Tun a 2009, lokacin da manhajar Skype ta fito a iPhone, ba a bar ta ta yi kira ta kan layin AT&T ba sai ta Wi-Fi, har sai da kamfanin ya sassauta a watan Oktoban shekarar bayan hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta fara yi masa tambayoyi kan yadda ake tantance manhajojin kira.

Yadda AT&T ya janye tsarin

Daga 2007 zuwa farkon 2011, AT&T ne kaɗai ke sayar da iPhone a Amurka, kuma ya jawo miliyoyin mutane da tsarin data mara iyaka. A watan Yunin 2010 ya daina sayar da shi ga sababbin masu layi. A madadin dala 30 na tsarin mara iyaka, ya kawo megabait 200 a kan dala 15 da gigabait 2 a kan dala 25. Waɗanda suke kan tsohon tsari an ce su ci gaba da abinsu. Kamfanin Verizon ya bi sahu a watan Yulin 2011.

Tsofaffin masu layin nan suka zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa, domin ya yi musu alkawari, ga shi kuma yana son su koma tsarin da ake aunawa. A watan Oktoban 2011 ya fara rage wa wasunsu gudun intanet. Da farko ya ce abin zai shafi kashi biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka fi kowa cin data, ma'aunin da babu mai layin da zai iya sanin inda ya tsaya a kansa. Mutane suka fara ƙorafin cewa an shaƙe musu layi tun suna wajen gigabait 2, alhali mai biyan kuɗi daidai da nasu a sabon tsari yana samun gigabait 3 da cikakken gudu. A farkon 2012 wani mai iPhone a jihar Kalifoniya ya kai ƙara ƙaramar kotu, alƙali ya ba shi diyyar dala 850. A watan Maris na shekarar kamfanin ya fito da adadi ƙarara: gigabait 3 ga masu 3G, gigabait 5 ga masu LTE. Wanda ya haura, gudunsa zai faɗi har ƙarshen watan biyan kuɗinsa, ko da turken da yake ƙarƙashinsa babu kowa a kai.

Rikicin FaceTime

Kamfanin Apple ya fito da FaceTime, manhajarsa ta kiran bidiyo, tare da iPhone 4 a watan Yunin 2010, amma ta Wi-Fi kaɗai take aiki. A 2012 ya sanar da cewa sabon tsarin iOS 6, wanda ya fito a watan Satumba, zai bar ta ta yi aiki ta kan layin waya. Sprint da Verizon suka ce masu layinsu za su iya amfani da ita ba tare da ƙarin sharaɗi ba. AT&T kuwa ya ce sai wanda ya koma sabon tsarinsa mai suna Mobile Share, inda ake haɗa datar da ake aunawa da kira da tes marasa iyaka a tsari guda.

A nan ne hujjar cunkoso ta yi rauni. Megabait ɗin mai Mobile Share da na mai tsohon tsari nauyinsu ɗaya ne a kan turke. Har ma wanda ya sayi gigabait 3 da kuɗinsa an hana shi kashe su a kan FaceTime, alhali yana iya ƙarar da su a YouTube cikin yini guda babu mai ce masa uffan. Waɗanda abin ya fi ƙona wa rai su ne kurame da masu raunin ji, domin kiran bidiyo a wurinsu shi ne hanyar yin magana da hannu, ga shi an ce sai sun sayi tsari mai mintocin kiran murya da ba za su amfana da su ba.

Wani babban jami'in kamfanin mai kula da hulɗa da hukumomi, Bob Quinn, ya kare matakin da cewa dokokin FCC na 2010 sun hana kamfani toshe manhajar da mutum ya sauke da kansa ne, ba su shafi wadda ta zo a cikin waya tun daga masana'anta ba. Ya kuma ce kamfanin yana taka-tsantsan ne don bai san irin nauyin da FaceTime zai ɗora wa turakunsa ba. Ƙungiyoyi uku masu kare haƙƙin masu amfani da intanet, Free Press, Public Knowledge da cibiyar fasaha ta gidauniyar New America, ba su gamsu ba. A watan Satumban 2012 suka sanar da aniyarsu ta shigar da ƙorafi a gaban FCC, suna kafa hujja da sashen dokar da ya hana kamfanin waya toshe manhajar da ke gogayya da kiran murya ko na bidiyo na kamfanin.

AT&T bai jira hukunci ba, ya riƙa ja da baya taki-taki. A watan Nuwamba ya buɗe wa masu wayar LTE da ke kan tsarin da ake aunawa, da kuma kurame. A watan Janairun 2013 ya buɗe wa duk masu tsarin da ake aunawa. Masu data mara iyaka su ne na ƙarshe: sai a watan Mayu kamfanin ya yi alkawarin cewa kafin ƙarshen 2013 kowa zai samu. Jerin da aka bi wajen buɗewar ya isa ya nuna wanda ake son a matsa wa.

Abin da hukumomi suka hukunta

A watan Oktoban 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka AT&T a kotu. Ta ce kamfanin ya rage wa aƙalla mutum miliyan 3.5 gudu fiye da sau miliyan 25, wani lokaci da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, har buɗe shafi ko kallon taswira ya gagara. A watan Yunin 2015 FCC ita ma ta ba da sanarwar tarar dala miliyan 100, kamfanin ya ƙalubalance ta. Shari'ar FTC ta ɗauki shekara biyar, mafi yawansu a kan gardamar ko hukumar tana da hurumin tuhumar kamfanin waya. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar mata da hurumin a 2018, sannan a watan Nuwamban 2019 AT&T ya amince ya biya dala miliyan 60 a mayar wa masu layi. Idan aka raba wannan kuɗi ga miliyoyin mutane, abin da kowa ya samu bai taka kara ya karya ba.

Ya kamata a lura da laifin da aka kama kamfanin da shi. Tuhumar ta tsaya ne a kan cewa ya sayar da abu da sunan mara iyaka bai bayyana iyakar yadda ya kamata ba. Rage gudun shi kansa ba a haramta shi ba. Darasin da kamfanoni suka ɗauka ke nan. Da gasa ta tilasta wa Verizon dawo da data mara iyaka a watan Fabrairun 2017, sai ya rubuta a fili cewa bayan gigabait 22 za a iya mayar da mai layi baya a lokacin cunkoso. T-Mobile tun a ƙarshen 2015 ya kawo tsarin Binge On, wanda ke sauke ingancin bidiyo zuwa 480p, kwatankwacin faifan DVD. Raba data daga waya zuwa kwamfuta ma aka yanka masa nasa kaso daban. Sunan bai canza ba, sharuɗɗan ne suka ƙaru, aka kuma rubuta su.

Cewa lamarin ya wuce batun nishaɗi ya bayyana a 2018, lokacin gobarar daji ta Mendocino a Kalifoniya. Shugaban hukumar kashe gobara ta gundumar Santa Clara ya shaida wa kotu a rubuce cewa Verizon ya rage gudun layin motar da ke tsara aikin ma'aikatansa zuwa kashi ɗaya cikin ɗari biyu, duk da cewa tsarin nasu mara iyaka ne, kuma da suka nemi a sake musu sai aka ce su koma tsari mai tsada. Verizon ya amsa cewa kuskure ne daga sashen kula da abokan ciniki.

Dokar tarayya a kan daidaito a intanet, wato ƙa'idar da ta hana kamfani fifita wata manhaja a kan wata, ta yi ta tashi da faɗuwa. Kotu ta rushe mafi yawan ƙa'idojin 2010 a watan Janairun 2014. An kafa masu ƙarfi a 2015, aka soke su a watan Disamban 2017, aka dawo da su a 2024, wata kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushe su a watan Janairun 2025. Kalifoniya ta yi tata dokar a 2018.

A wasu ƙasashe

A ƙasar Holan, kamfanin KPN ya bayyana a 2011 cewa zai riƙa karɓar ƙarin kuɗi daga masu amfani da manhajoji irin su Skype da WhatsApp, saboda sun cinye masa kasuwar tes. Fushin jama'a ya sa majalisa ta yi dokar daidaito a intanet, wadda ta kammala a 2012, ta farko a Turai. Tarayyar Turai ta yi tata a 2015.

A yankin Gulf da arewacin Afirka kuwa hukumomi ne da kansu suka tsaya wa toshewar. Hadaddiyar Daular Larabawa ta daɗe tana hana kira ta WhatsApp da makamantansa, sai ta manhajojin da ta ba lasisi, abin da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai suka sani sarai. Saudiyya ta ɗage nata haramcin a kan yawancin manhajojin kira a watan Satumban 2017. Maroko ta toshe su a farkon 2016, ta buɗe a watan Nuwamba, gab da taron sauyin yanayi na duniya da ta karɓi baƙunci a Marrakesh.

Abin da ya shafi mai layi a Najeriya

Kamfanonin sadarwa a Najeriya ba sa hana kiran bidiyo ta kan data, amma tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan mara iyaka, musamman na na'urar intanet ta gida da ofis, galibi suna zuwa da abin da ake kira ƙa'idar amfani cikin adalci. Ma'anarta ita ce akwai adadin gigabait da idan aka kai shi gudu zai faɗi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi na har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan adadi ya ƙara muhimmanci ga ɗan kasuwar da ke nuna wa abokin ciniki kaya ta bidiyo, da ma'aikacin da ke halartar taro ta Zoom.

Kafin a biya, adadi biyu ne ke bayyana ainihin abin da aka saya: gigabait nawa ne ke da cikakken gudu, kuma gudu nawa ne zai rage bayan sun ƙare. Idan ragowar gudun ya yi ƙasa sosai da megabit ɗaya a daƙiƙa, saƙon rubutu zai wuce, amma kiran bidiyo zai riƙa yankewa. Wanda ya ga an yi masa saɓanin abin da aka rubuta, tsarin NCC shi ne ya fara kai ƙorafi ga kamfaninsa ya karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan ba a warware ba sai ya kira layin hukumar na kyauta, 622.