Yadda ake karɓo kayan sata daga hannun 'yan sanda, da wanda ke biyan kuɗin janwe

Da yawanmu da ke Sabon Ibadan, Shagamu, Agege ko Lokpanta mun bar wani abu a gida: babur a hannun ƙane, mota tana jigila tsakanin Doma da Lafiya, ko 'yan shanu a ruga wajen Rukubi. Rana ɗaya sai a bugo maka waya a ce an sace. Idan Allah Ya sa an dace, bayan sati biyu a sake bugowa a ce an gani, yana hannun 'yan sanda. To daga nan ne wata wahalar take farawa, domin ganin kaya daban, karɓo shi daban.

Abu na farko, kayan da aka ƙwato daga hannun ɓarawo ba ya zama na 'yan sanda. Naka ne. Suna riƙe shi ne a matsayin kayan shaida, abin da suke kira ezibit, don a nuna wa alƙali. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta yi bayani a sashe na 10: ɗan sandan da ya kama mutum dole ya rubuta jerin duk abin da aka samu a hannunsa, kuma idan mai kayan ya nema, ana iya sakar masa kayansa bisa takardar alkawari tun kafin a gurfanar da wanda ake zargi. Idan ɗan sandan ya ƙi saki, sai ya kai wa kotu rahoto, kotu kuma tana da ikon ta ce a ba mai shi. Jihohi suna da nasu irin wannan dokar. Legas ma ta riga tarayya, tun 2007, Nasarawa ma tana da tata. Saboda haka ko a Doma abin ya faru ko a Shagamu, tsarin kusan ɗaya ne.

Takardar alkawarin nan, wadda suke ce wa bon, ba kuɗi ba ce. Sa hannu ne kake yi cewa duk ranar da kotu ta nemi kayan za ka kawo, kuma ba za ka sayar ko ka sauya masa kama ba kafin a gama shari'a. Wani lokaci a ce ka kawo wanda zai tsaya maka. Mutane da yawa da sun ji an ce bon sai su soma lalube aljihu, alhali biro kawai ake buƙata.

Amma fa kafin a kai ga nan, sai ka tabbatar musu kayan naka ne. Wanda ya kai rahoto ranar da aka yi satar, aka rubuta a littafin caji ofis, ya ba da sitatimen, ya fi kowa samun sauƙi. Wanda ya yi shiru sai da aka ga kaya sannan ya bayyana, shi ma tambayoyi za a yi masa kamar wanda ake zargi. Idan mota ce ko babur ko Keke Napep, ana neman rasit ɗin saye, takardun rajista, da lambar inji da ta casis da suka yi daidai da abin da ke jikin ƙarfen. Ɓarayi kan cire lamba su sake fenti, wasu har su goge lambar inji, amma ba kasafai suke iya goge komai ba. Idan babur ɗin na hannu ne ka saya ba a sauya suna ba, nemi takardar cinikin da kuka yi da mai shi na farko. Idan takardun sun tafi tare da babur ɗin, kamar yadda 'yan acaɓa ke cusa su ƙarƙashin kujera, sai ka je kotu ka yi takardar rantsuwa. Waya kuwa kwalinta ne shaidarta, saboda lambar IMEI da ke jiki. Wanda ke Kudu ba zai iya zuwa ba yana iya wakilta ɗan uwansa a rubuce, da kwafin katin shaidarsa, ko da yake wani jami'in zai dage sai ya ga mai kayan ido da ido.

Shanu ne masu wuyar sha'ani, kuma su na fi sani don a cikinsu na tashi. Saniya ba ta da lambar inji. Shaidarta ita ce tsagar kunne, tambarin wuta a cinya, yanayin ƙaho, launi, da ko Bunaji ce ko Rahaji ko Bokolo. Sai kuma mutane: dillalin da ya karɓi la'ada, sarkin kara, Arɗon rugar da take kwana, da rasit ɗin kara idan an ajiye. Na ga ranar da Baba ya tsaya bakin wani caji ofis, aka tambaye shi yaya zai gane nasa cikin shanu goma sha ɗaya da aka kama. Tun kafin a buɗe masa wurin ya lissafa guda huɗu, har da wadda ƙahonta na hagu ya karye tun tana maraƙa. Da aka duba aka ga haka ne, magana ta ƙare. Yanzu da kowa ke da waya, a riƙa ɗaukar hoton dabba ranar da aka saye ta, gaba da gefe. Dabba kuma ba ƙarfe ba ce da za a jingine a manta. Tana cin abinci, tana shan ruwa, tana ramewa. Waɗancan huɗun kwana tara suka yi, mu muka riƙa kai dusa da harawa, kuma da suka fito sai da kowacce ta faɗi a farashi. Don haka da dabba ake roƙon a ɗauki hotonta a sa a fayil, a sake ta bisa bon da wuri. Kotu ma tana da ikon ba da umarni a kan kayan da zai lalace idan aka ajiye.

To wa ke biyan janwe?

A nan ake yawan rigima. A ce an tsinci motarka a daji hanyar Akwanga, an cire batir, taya biyu babu iska. Dole a jawo ta. Janwen da ake kira galibi na 'yan kasuwa ne, mai shi kuma ba ruwansa da wa ya yi sata, kuɗinsa yake so. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne mai mota ne ke biya, haka ma kuɗin motar da za ta ɗauko shanu daga inda aka kama su. A ganina wannan bai yi daɗi ba, an yi maka sata kuma an bar ka da ɗawainiya, amma haka ake yi. Abin da za ka iya shi ne ka yi ciniki da mai janwen da bakinka, ba ta hannun wani ba, ka biya shi hannu da hannu, ya rubuta maka rasit da lambar motarsa. Idan motar tana tashi, ka nemi a bar direba ya tuƙo ta tare da ɗan sanda, ba sai an kira janwe ba.

Rasit ɗin yana da amfani, domin dokar ta ba alƙali ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta diyya, ya kuma mayar da abin da ya ɗauka. Sai dai alƙali ba zai san ka kashe ko sisi ba idan ba ka faɗa wa mai gabatar da ƙara ba. Ko ɓarawon yana da abin biya, wannan kuma wata magana ce.

Kuɗin janwe daban yake da abin da ake kira kuɗin mai, kuɗin fayil ko kuɗin fitar da kaya. Waɗannan ba su da rasit. Kuɗin gwamnatin tarayya na gaskiya ta banki ake biyansa, ta Remita, tun da aka tilasta asusun bai ɗaya a 2015. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu kafin a saki kayanka, ka tambaye shi cikin ladabi a wane banki za ka biya. Sau da yawa daga nan maganar take sauyawa.

Kada kuma a haɗa wannan da kamun laifi. Motar da jami'an kiyaye haɗurra suka ja saboda ta tare hanya, mai ita ne ke biyan tara da kuɗin ja da na ajiya. Haka shanun da aka kama a Binuwai ƙarƙashin dokar hana kiwon sake ta 2017: tara ake biya, a kwashe su a mota da kuɗin mai su, idan an wuce wa'adi a yi gwanjonsu. Mu mutanen Doma ba za mu manta da 24 ga Janairu 2023 ba, ranar da jirgin soja ya jefa bam kan makiyaya a yankin Rukubi suna sauke shanun da suka biya tara suka karɓo daga Makurɗi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum 39 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tun daga lokacin, duk mai kwaso shanu masu yawa zuwa bakin iyaka ya kamata ya sanar da DPO da sarakunan wurin rana da inda zai sauke.

Idan an ƙi sakar maka kaya, kada ka yi hayaniya a kanta. Rubuta takarda zuwa ga DPO, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan shiru, rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Lafiya. Manyan laifuka kamar fashi da satar shanu sau da yawa ana mayar da fayil ɗinsu sashen binciken manyan laifuka na jiha, to a nan sakin ya fita daga hannun DPO, can za ka bi. Idan an riga an kai ƙara, lauya ne zai roƙi alƙali ya ba da umarnin saki, kuma wanda ba shi da hali akwai hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid. Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, ana samunsu ta waya da WhatsApp.

Ranar karɓa, duba kayan a gaban wanda ya miƙa maka. Batir, safaya, jak, rediyo, madubi. Abin da babu, a rubuta babu kafin ka sa hannu. Kada kuma ka ce sai ka dawo gida da Sallah za ka bi sawu. Rana da ruwan sama suna cin mota, kuma kayan da aka daɗe ba a zo nema ba, 'yan sanda kan nemi izinin kotu su yi gwanjonsu. Da yawa daga baburan da kake gani jibge sun yi tsatsa a harabar caji ofis suna da masu su, ba su zo ba ne kawai.

Saura wanda aka samu kayan a hannunsa ya ce saye ya yi. Sayen kayan sata da sani laifi ne, a dokar Penal Code da muke bi a Arewa da Criminal Code ta Kudu duka. Wanda ya saya bai sani ba yana iya kuɓuta daga hukunci idan ya nuna wanda ya sayar masa da shaidun ciniki, amma galibi kayan komawa mai shi yake yi, shi kuma ya bi wanda ya karɓi kuɗinsa. A kara, dillalin da ya tsaya a cinikin shi ake fara kamawa a ce ya fito da mai saniya.