Daga Zugazugi Zuwa Sudur: Maƙeran Tasawa da Mayahi

Kawuna yana da wani tsohon moto da ya shekara goma sha a zaurenmu. In ka dube shi da kyau, rabin jikinsa ba daga kamfani ya fito ba. Mazaunin kaya na baya rodin gini ne aka lanƙwasa, matakin ƙafa guntun bututu ne, ƙafar jingine shi kuwa daga wata matacciyar amalanke aka yanko ta. Abokaina in sun zo sai dariya. Ni ma da ina yi, sai da na fara tambayar kaina: wa ya koya wa mutanenmu wannan aiki?

Amsar ta girmi moto nesa ba kusa ba. A watan Janairun 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya tarar da gari mai cike da jama'a da ciniki. Garin noma irin wannan ba ya tsayuwa sai da maƙeri. Hauya, lauje, gatari, linzamin doki, bakin mashi, duk daga hannunsa suke fitowa. A wancan zamani ƙarfen ma a ƙasar Hausa ake samar da shi: a haƙo tama, a gina murhun yumɓu, a zuba gawayi, a kwana ana narkawa. Maƙeran baƙi na aikin ƙarfe, maƙeran fari na azurfa da tagulla, kuma Sarkin Maƙera na da matsayinsa a fada.

Zuwan Faransawa ya sauya tushen ƙarfen. Da motoci suka fara shigowa, sai ganguna da tsoffin sassan mota suka wadata. Wa zai sha wahalar tama alhali ga ƙarfe a yashe? Haka narkar da tama ta mutu a hankali, amma maƙera ba ta mutu ba. Maƙeri ya gane cewa sifirin mota ƙarfe ne mai taurin gaske, ya mai da shi wuƙa da gatari. Daga baya aka shiga zuba tukwane da narkakken alminiyum na tsoffin injuna, aka kuma shiga haɗa amalanken jaki da na shanu da ƙafafun mota. A nan ne injin sudur, wanda ƴan Najeriya ke ce wa walda, ya zauna kusa da uwar maƙera da masaba.

Sai ga moto. Iyayenmu sun hau Mobylette da Yamaha, amma a lokacin abin na ma'aikata ne da ƴan kasuwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya yi tsada, gyara ya fi saye sauƙi. Bayan shekara ta 2000 kuma motocin Sin masu araha irin su Kasea suka cika gari, ƴan kabu-kabu suka yawaita. Sai dai wanda ya zana waɗannan motoci bai taɓa bin rairayin Gulbin Kaba ba. Bai san za a ɗora buhun gero biyu da jarka huɗu a nufi ƙauyukan Mayahi ba. Saboda haka sabon moto ma sai ya biya ta wurin mai sudur: a ƙara faɗin mazaunin kaya, a ƙarfafa inda ke tsagewa, a sa ƙarfen da zai kare ƙafa in an faɗi.

Mun ga amfanin wannan da idonmu har sau biyu. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakarta, kayan gyara da ke zuwa daga Kano da Katsina suka yi wuya. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka, har aka yanke wutar da Najeriya ke ba mu. Mai sudur ya koma janareto, wanda ba shi da shi ya koma gawayi da zugazugi, sak yadda kakansa ya yi. Motoci da dama da suka kai marasa lafiya likita a watannin nan, da guntun ƙarfen da aka ƙera a gida suka yi tafiya.

Amma kar mu yaudari kanmu. Ba kowane sashe ake ƙerawa da ido ba. Wani yayana ya taɓa kai sandar birki aka liƙa masa da sudur. Kwana uku ta ɓalle yana cikin gudu, Allah ya kiyaye, da gocewar ƙashi ya tsira. Wuta na sauya halin ƙarfe: in ya huce da sauri sai ya yi tauri ya riƙa karyewa, in ya sha zafi fiye da kima sai ya yi laushi. Tsoffin maƙera sun san haka ta kalar ƙarfen cikin wuta. Yaron da ya koyi sudur a wata uku bai sani ba, kuma ba wanda ya rubuta masa.

To, nan ne namu ya shigo. Mu ne muke zaune a lakwal muna koyon milimita, da zane, da yadda zafi ke buɗa ƙarfe. Su kuma suna da hannu da gogewar da ba mu da ita. Amma sai ka ji ɗalibi na cewa ƙira aikin wanda ya kasa karatu ne, ko a hana wani aure don ɗan maƙera ne, alhali a kan aikinsu muke hawa kullum.

Shawarata ƙarama ce. Wannan hutun, kowa ya ɗauki littafi ya je maƙerar unguwarsu. Ya gaida tsoho, ya tambaye shi: "Baba, wane ƙarfe ake daka, wane ne ba a taɓawa?" Ya rubuta amsar da awonta. Tsoffin da suka ga narkar da tama da idonsu sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka san kalar wuta suna nan tukuna.