Yadda iskar gas ta kori hitar rana daga gidajen Kalifoniya

1/ Duk wanda ya taɓa ajiye bokiti a rana lokacin hunturu don ruwan wanka ya yi ɗumi, ya riga ya san rabin labarin nan. Sauran rabin a Amurka ya faru. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1891 wani mutumin Baltimore, Clarence Kemp, ya yi rajistar na'urar da ya kira Climax. Tankunan ƙarfe ne masu baƙin fenti cikin akwati mai murfin gilas. Baƙi ya sha zafin rana, gilas ya hana zafin fita. Ta fi samun kasuwa a kudancin Kalifoniya, inda ga rana a wadace, ga kwal da tsada.

3/ Matsalar ita ce tankin a waje yake kwana. Da la'asar ruwa zafi zau, da asuba kuma sanyi ƙalau. Daidai lokacin da kake nemansa fa 😭

4/ A 1909 William Bailey ya raba aikin gida biyu. A rana ya shimfiɗa siraran bututun tagulla kan baƙin faranti, ƙarƙashin gilas. Tankin kuwa ya shigar da shi cikin gini, ya naɗe shi yadda ba zai huce ba, ya ɗora shi sama da farantin.

5/ Nan ne wajen da ya fi burge ni. Ruwa in ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyin ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka yake ta zagayawa har rana ta faɗi. Ba inji, ba lantarki. Sunan kamfanin ma Day and Night, don har dare akwai ruwan zafi.

6/ A 1913 aka yi wani mugun sanyi, ruwa ya daskare, bututu suka fashe. Bai haƙura ba. Ya koma zuba ruwan da ba ya daskarewa a bututun, shi ke kai zafin cikin tanki ba tare da ya haɗu da na wanka ba.

7/ Ya sayar da dubbai. Sai a shekarun 1920 aka gano iskar gas mai yawa a yankin Los Angeles, ta yi arha. Na'urar ba ta lalace ba wallahi, ranar ma tana nan. Mutane ne suka yi lissafin aljihu.

8/ Kasuwar ta koma Miami a jihar Florida. Kamfanin Bailey kuma ya koma ƙera hitar gas, da sunansa na Day and Night bai canza ba.