Taswirar Tsaunukan Glacier Bay: Takardar da Ƙasa Ke Riga Ta Sauyawa

Glacier Bay wani mashigin teku ne a kudu maso gabashin jihar Alaska ta Amurka, wanda tsaunuka masu ƙanƙara suka kewaye. Mafi tsayi a cikinsu shi ne Fairweather, mai sama da mita 4,600, kuma ba shi da nisa da gaɓar tekun Pasifik. Babu titin mota da ke kaiwa yankin, sai jirgin ruwa ko na sama. Don haka taswira mai nuna tudu da kwari ita ce idon matafiyi.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, wadda aka kafa a 1879, ita ke buga irin wannan taswira. Tsofaffin taswirorinta na Alaska an zana su ne bisa ma'aunin 1:63,360, wato inci ɗaya a takarda daidai yake da mil ɗaya a ƙasa.

Jigon taswirar shi ne layukan tsayi, waɗanda kowannensu ke haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan suka cunkushe, gangaren yana da tsananin tsayi. Inda suka yi tazara, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. A kan dutse launinsu ruwan ƙasa ne, a kan ƙanƙara kuwa shuɗi.

Matsalar ita ce ƙasar ba ta zama yadda aka zana ta. A 1794, lokacin da jiragen George Vancouver suka iso, ƙanƙara ce ta cike kusan dukan mashigin. Da John Muir ya zo a 1879, ta ja da baya kimanin kilomita 48. A yau ta wuce kilomita 100. Da nauyin ƙanƙarar ya ragu, ƙasar ta shiga tasowa da kusan santimita 3 a shekara, har gaɓa tana sauya wuri. Inda tsohuwar taswira ta nuna ƙanƙara, matafiyi na iya tarar da ruwa mai zurfi ko kurmi.

Saboda gizagizai suna yawan rufe yankin, sababbin taswirorin sun dogara da na'urar rada da ake ɗora wa jirgin sama, wadda ke ratsa gajimare. Duk da haka, abin da mai tafiya zai fara dubawa a jikin taswirarsa shi ne shekarar da aka yi awon.