Direban Jirgin Ruwan da Ya Koya wa Gwanaye Buɗe Wasa

Wannan makon mun leƙa tarihin wasan ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, ba tamu ta tsakuwa da 'yan sanduna ba.

Duk wanda ya taɓa kallon gasar 'yan sha'awa, waɗanda ba da wasan suke ci ba, ya san yawancinsu haddace salon buɗe wasan gwanaye suke yi, ko sun gane dalilinsa ko ba su gane ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, ɗaya daga cikin shahararrun salon nan ɗan sha'awa ne ya ƙirƙiro shi.

Sunansa William Davies Evans, mutumin Wales, an haife shi a 1790. Kyaftin ne na jirgin ruwan da ke kai wasiƙu tsakanin Milford Haven da Waterford ta ƙasar Ayalan. Wajen 1827 ya kara da Alexander McDonnell, gwanin Landan na lokacin, ya doke shi da dabarar da yanzu ake kira Evans Gambit. Ga yadda take: a motsi na huɗu mai fararen 'ya'ya zai tura ƙaramin sojansa zuwa b4, ya bar shi a ci kyauta. Kafin abokin karawa ya gama janye bishof ɗinsa, mai fari ya mamaye tsakiyar allo. Soja ɗaya ya sayo lokaci, ke nan.

Gwanaye suka yi caa a kanta. Adolf Anderssen, malamin lissafi a Breslau wanda ya lashe gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Landan a 1851, da ita ya doke Jean Dufresne a 1852, a wasan da har yau ake koya wa ɗalibai.

Sai Emanuel Lasker, zakaran duniya daga 1894, ya nuna maganinta: kada ka riƙe sojan, mayar da shi ka zauna lafiya. Manya suka watsar da ita. A ganinmu sun yi gaggawa, domin a ƙananan gasa ba ta daina kayar da mutane ba. Ɗan sha'awa da wuya ya iya mayar da abin da ya ci.

A 1995, a birnin Riga, Garry Kasparov ya zaro ta ya gama da Viswanathan Anand cikin motsi 25. Shi kuwa Kyaftin Evans tun 1872 ya rasu a Ostend ta Beljiyam, cikin rashin abin hannu.